Baƙin Salatif na Mai Kunne

Shekara talatin da ɗoriya Mai Kunne ya yi yana haɗa sauti a wuraren taro, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukarsa aiki da abu biyu yake tuna shi: baƙar magana da baƙin salatif. Baƙar maganar kowa ya sha, daga mawaƙi har mai jera kujeru. Salatif ɗin kuwa yana manne ne a kan mikisarsa, wato faffaɗar na'urar nan mai maɓallai birjik da ake zama a bayanta ana daidaita murya da kiɗa kafin su fita ta lasifika. Kowace mikisa tana da jerin 'yan fitilu, kore da rawaya da ja, masu nuna wa mai aiki inda ƙara ta kai. Idan ja ya kama, to an wuce gona da iri. Ranar da Mai Kunne ya sayi tasa, tun kafin ya jona ta da wuta, ya yanko salatif ya rufe fitilun ruf.

"Ni da kunne nake aiki," in ji shi. "Wanda sai ya kalli fitila zai san murya ta fashe, ya je ya nemi aikin ba da hannu a titi."

Cika baki ne, amma mutumin ya iya, nan ne abin haushin. Zai zauna a bayan mikisa ya rufe ido, yatsunsa na yawo a kan maɓallai, can sai ka ji ya ce lasifikar hagu tana mura. A kwance ta, a tarar takardar ciki ta tsage. Idan yana neman inda wani ɗan gurnani yake fitowa, kunnensa yake mannawa a jikin lasifika tana tsaka da ruri. Abokin tafiyarsa na shekara ashirin, Mai Janareta, kullum da auduga a kunne yake aiki, kuma ya sha miƙa masa guntu. Mai Kunne sai ya ce ya ajiye wa masu ciwon haƙori.

Shagonsa wani siririn ɗaki ne tsakanin mai walda da mai gyaran takalmi. Kaset da faifai sun cika kanta har rufi, igiyoyin wuta na rataye a ƙusa, kowace ya naɗe ta da hannunsa don ba ya yarda wani ya naɗe masa. 'Ya'yansa huɗu. Uku na farko da an kunna kiɗa a gida sai su tashi su bar ɗakin. Auta ce kaɗai ta ɗauko shi. Tun tana 'yar shekara biyar take hawa kan wata matacciyar lasifika a shago, ƙafafunta na lilo, ya sa kaset ya ce, "Bar muryar. Me kika ji a ƙarƙashinta?" Ta yamutsa fuska ta ce akwai wani yana buga abu a hankali. Ya ce, "Madalla. A ƙarƙashin wannan fa?"

Shi ba mutum ba ne da zai iya buɗe baki ya ce wa 'yarsa ya yi kewarta. Ko za a yanka shi ba zai iya ba. Da Auta ta girma ta sami aiki a wani kantin magani a wani gari mai tafiyar awa shida, sun yi wata biyu wayarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Ina kwana, lafiya lau, ya aiki, ga mamanki. Sai wata Asabar ta turo masa waƙa a waya, wadda ta tsinta a intanet, ta rubuta a ƙasa, "Baba, me ka ji a ƙarƙashi?" Ya saurara sau biyu, ya danna wurin ɗaukar murya ya yi mata bayani na minti tara. Matarsa ta ce tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

Daga nan abin ya zama ka'ida. Kowace Asabar waƙa, kowace Asabar hukunci. Auta ta iya tono: makaɗan da ba wanda ya san su, masu rera waƙa a gareji ko a bayan kanti, cikin harsunan da daga ita har shi ba mai jin ko kalma. Ya zagi wasu, ya yaba wa wasu, ita kuma ta yi masa gardama. A cikin wannan gardamar yake gane ko tana cikin walwala ko ranta a ɓace yake. A haka ta tono wata mata mai jita da ke zama a kan farar kujerar roba tana waƙa, bango ba fenti a bayanta, mutum ɗari biyu kacal suka kalla. Suka sa mata suna Mai Kujerar Roba. Muryarta siririya ce, mai tsabta. Ranar Mai Kunne ya kulle shago daga ciki ya saurare ta har sau bakwai, ya ce wa Auta, "Wannan ki riƙe ta. Duniya za ta ji ta."

Ba a daɗe ba wani gyare ya shiga kunnensa na hagu ya ƙi fita. Haka shi ya kira abin, wani ɗan kuka siriri da ba ya tsayawa. Bayan gyaren, sai abubuwa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Tsuntsayen bishiyar ƙofar gida suka yi shiru. Butar shayi ta daina fito. Ya fara yi wa matarsa faɗa wai ta koyi magana ciki-ciki.

"Baban Auta, muryata ce dai ta jiya," in ji ta. "Ka je a duba ka."

Ya ce kunnensa ya fi na duk zuriyarsu. Amma ya je, a ɓoye, asibitin da ke can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi. Likitar ta sa masa abin ji a ka, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya zauna yana jira a fara, ashe an kusa gamawa. Ta zana masa wani layi a takarda mai gangarowa ƙasa, ta ce siraran sautuka sun tafi kuma ba za su dawo ba, masu kauri ne suka rage, su ma suna kan hanya. Ta ce ya nemi na'urar ji, ya kuma yi nesa da lasifika. Ta tambaye shi sana'arsa. Ya ce tela ne.

A hanyar gida ba aiki ne ya fi tsaya masa a rai ba, ko da yake ya san ba mai ɗaukar mai haɗa sauti da na'ura a kunne. Asabar ce ta tsaya masa. Ya san 'yarsa. Ranar da ta ji, tausayi zai hana ta sake turo waƙa, don kada ta fama masa ciwo. Daga nan sai su koma ina kwana, lafiya lau, ga mamanki, har ƙarshen ransa. Ya ninke takardar likita ya cusa ta cikin kwalin wani tsohon kaset, ya sha alwashin Auta ba za ta sani ba.

Dabarar da ya samo ba ta da wani kyau, amma ta yi aiki. Idan waƙa ta zo, sai ya sa tabarau ya gangara ƙasan bidiyon ya karanta abin da masu kallo suka rubuta. Ya ƙura wa yatsun makaɗi ido, ya lura da yadda mawaƙi ke jan numfashi. Ya haɗa da abin da shekara talatin ta koya masa, ya zuba a cikin baƙar maganarsa, ya tura. Auta ta yi gardama kamar kullum. Shi da ya raina masu kallon fitila, ga shi yana satar amsa daga bakin yaran intanet. Duk ranar da ya tura sai ya ji kunya ta rufe shi, amma wata Asabar ɗin ya sake.

A wajen aiki ma haka ya riƙa lallaɓawa. Ya san ɗakunan taron garin kamar tafin hannunsa, ya san inda kowane maɓalli ke tsayawa a kowane ɗaki. Ya ajiye maɓallan a nan, ya rufe ido, ya yi kamar yana saurare.

Wata Asabar abin da ya zo ba bidiyo ba ne. Sauti ne zalla, ba hoto, ba suna, ba rubutun kowa a ƙasa. Minti uku da 'yan daƙiƙu. Auta ta rubuta, "Baba, wata yarinya ce, ba a san ta ba tukuna. Ka faɗa mini tsakani da Allah."

Ya jona wayar da babbar lasifikar shago. Ya ji kaurin jita, dum, dum, a sama da shi kuma wani abu kamar ana magana a bayan ƙofa. Ya ƙara ƙarfi har mai gyaran takalmi ya buga bango. Sau biyar ya sake. Mai Janareta yana zaune a bakin shago yana wanke fulogi, taku uku ne tsakaninsu. Da ya kira shi ya ce zo ka ji mini wannan, da shi ke nan. Bai kira ba. Ya zauna ya yi lissafi irin na wanda aka ƙure: idan ka yabi waƙa, sai an tambaye ka wane wuri ne ya burge ka. Idan ka kushe, ba mai neman dalili, musamman daga bakin Mai Kunne. Ya danna wurin ɗaukar murya.

"Jitar ba laifi. Yarinyar kuwa ba ta da murya, ba ta ma fito ba sam. Ki ce mata ta kama wata sana'a tun da sauran ƙuruciya."

Sai bayan kwana biyu amsa ta zo: "To, Baba. Zan faɗa mata." Asabar uku ta wuce ba waƙa. Ta huɗu ta dawo da turowa, ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauka aiki ne ya yi mata yawa.

Maganarsa a kan Mai Kujerar Roba ta tabbata. Ɗari biyu ta zama dubbai, matar ta fara zagaya garuruwa tana wasa a gaban jama'a, da kujerarta da komai. Da aka sa garinsu a jerin, Auta ba ta yi shawara da kowa ba ta rubuta wa masu shirya wasan cewa a garin nan kunne ɗaya ne, kuma na babanta ne. Suka bincika, aka ce musu haka ne. Ta kira shi tana dariya kamar 'yar yaye, ta ce ta ɗauki hutu, za ta zo ta zauna kusa da shi su ji Mai Kujerar Roba tare. Ya manna wayar a kunnen dama ya kama rabin maganar. Ya ce, "Allah Ya kawo ki lafiya." Ya ajiye waya ya tarar rigarsa ta jiƙe da gumi.

Ƙarfe huɗu na yamma aka sa wasan, a babban ɗakin taro mai ɗaukar mutum ɗari huɗu. Tun hantsi ya gama jera kaya. Da ya ga ba kowa kusa, ya sunkuya kan mikisa ya sa farce a gefen salatif ɗin. Fitilun suna nan a ƙasa, lafiyarsu lau, shekara da shekaru suna jiran a kalle su. Ya ɗaga gefen kaɗan.

"Kai! Yau duniya za ta tashi?" Mai Janareta ne a kansa, yana washe baki. "Mai Kunne zai kalli fitila?"

A bayansa ga Auta, da jakarta a kafaɗa, daga tasha ko gida ba ta biya ba. Ta gaishe shi, ta zaro waya ta ɗauki hoton salatif ɗin, wai za ta nuna wa abokan aikinta da ba su yarda da labarin ba. Mai Kunne ya danne gefen da babban yatsa.

"Ɗagowa ya yi," in ji shi. "Nake mayarwa."

Motar mawaƙiyar ta makara a hanya, saboda haka ba a gwada sauti ba. Daga mota ta hau dandamali, aka ajiye mata kujerar robarta, ɗaki ya ɗauki tafi. Tafin ya ji shi, kamar ruwan sama a rufin nesa. Auta ta zauna a kan akwatin kaya a gefensa, tana kallonsa yadda take kallonsa tun tana 'yar shekara biyar. Sai ya yi abin da ta saba gani. Ya ɗora yatsu a kan maɓallai, ya rufe ido.

Jita ta shigo, ya ji ta. Ya jira muryar, muryar da ya taɓa kulle shago saboda ita, ba ta zo ba. Kansa ya san dalili, amma hannunsa bai sani ba. Shekara talatin hannun nan ya koya cewa idan murya ba ta fito ba, a tura ta sama. Ya tura. Ya murɗa maɓallin siririn sauti. Shiru. Ya ƙara. Can, can nesa, sai ya kamo wani zare na muryarta, siriri, yana rawa. Wata goma sha ɗaya rabonsa da jin muryar mace tana waƙa. Ya ƙara turawa don zaren ya matso, kuma mutanen da ke kusa sun ce har murmushi ya yi.

Sai jitar ta ɗauke ɗif. Ya buɗe ido.

Mai Janareta ne ya kashe wuta gaba ɗaya. Mutum ɗari huɗu, kowa hannu a kunne. Wata mata tana ficewa da jariri yana tsala kuka. Mai Kujerar Roba ta kauce daga makirufo ta dunƙule, jitarta a ƙasa. Ashe lasifiku sun fi rabin minti suna wata irin kuwwa mai huda kai, wadda ko ɗan koyo yana kashe ta cikin daƙiƙa ɗaya. Auta tana tsaye, taku ɗaya daga kunnensa na hagu, bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ya gane daga leɓenta abin da take ta kira. Baba take cewa.

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi sauƙi. Ya miƙe. Auta ta zauna a kujerarsa, ta sauke abin da ya tura, ta ɗaga wa Mai Janareta hannu ya maido da wuta. Ba ta taɓa salatif ɗin ba. Ta karkata kai, ta rufe ido, ta murɗa nan ta murɗa can, wasa ya ci gaba. Aka ce sautin ranar ya yi daɗi ƙwarai. Shi dai yana waje a kan wani dakali, yana kallon masu wucewa.

Washegari da safe ta same shi a shago. Ta janyo matacciyar lasifikar nan ta zauna a gabansa, daidai inda zai ga bakinta, ta yi magana a hankali, kalma kalma. Wannan kulawar ta fi komai yi masa ciwo.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya ciro takardar likita daga kwalin kaset ya miƙa mata. Ta duba kwanan watan, ta daɗe tana kallo. Ya ga tana lissafin Asabar a ranta.

"Duk waɗanda na turo daga nan, ba ka ji su ba?"

"Ina jin jita. Da ganga." Ya sunkuyar da kai. "Sauran ina karantawa a ƙasa."

"Wadda ba ta da suna fa? Ba abin karantawa a ƙasanta."

"Ban ji ta ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Auta."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta goge ido da bayan hannu.

"Ni ce, Baba."

Ya ce ta sake faɗa, ba don bai gane ba.

"Ni ce. Shekara biyu ina koyon jita bayan na tashi daga aiki. Akwai wani wuri da masu koyo ke hawa su yi waƙa ɗaya ɗaya, sun ba ni rana. Na ce ba zan hau ba sai Mai Kunne ya ji. Na ɓoye sunana don kada ka yi mini kara." Ta ninke takardar ta ajiye a kan kantar shagon. "Da ka ce babu, na ce to babu. Ban je ba. Jitar ma na kyautar."

"Ki koma," in ji shi. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so, don ya daina jin iyakarta. "Ki nemo wata jitar. Maganata ba magana ba ce, ƙarya na yi miki."

"Na gwada, sau biyu. Da na buɗe baki sai in ji kana cewa ba ta ma fito ba sam." Ta miƙe ta ɗauki jaka. "Da ka ce mini ba ka ji, Baba, da na zo na rera maka a cikin kunnenka tun da sauran ji."

Ta durƙusa ta yi masa sallama yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Motar ƙarfe goma ta bi.

Da rana matarsa ta kawo masa abinci. Ya ce ta zauna. Ya jona waya da babbar lasifika, ya nemo sautin nan marar suna, ya kunna, ya tsaya yana kallon fuskarta. Ba a yi nisa ba ta ɗora hannu a baki. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba har aka gama.

"Tana da murya?" in ji shi. "Ki faɗa mini. Yaya take?"

Ta yi magana, bai kama ba. Ta matso daf da kunnensa na dama ta ɗaga murya.

"Baban Auta, ni me na sani a kan waƙa? 'Yata ce dai na ji. Kai ne mai kunnen."

Bai sake karɓar aikin taro ba. Mikisar tana kan kantar shago an rufa mata tsumma, da salatif ɗinta. Asabar ta zagayo, waya ta yi motsi a aljihunsa, ya zaro da sauri har tabarau ya faɗi. Auta ce. Ta rubuta, "Baba ina kwana. Ya jiki? A gaida Mama."

Ya amsa da lafiya lau. Sannan ya tura ƙofar shago, ya kunna waƙar, ya shimfiɗa tafin hannunsa a jikin lasifika. Katakon yana rawa a ƙarƙashin hannunsa, minti uku da 'yan daƙiƙu. Idan rawar ta tsaya ya san 'yarsa ta gama, sai ya maido ta farko.